Ra'ayi: Kafin sabon sinadari ya shigo kwarin Magiya, a fara tambayar inda ruwan wankinsa zai kwarara

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin garkar albasa a kwarin Tarka ko na Magiya da sanyin safiya, lokacin da ake feshi, ya san warin nan mai hawa kai da ke biyo iska. Yawancin mutane suna ɗauka warin gubar da ke kashe ƙwari ne. Alhali kaso mai yawa na abin da hanci ke shaƙa ruwan da aka narkar da maganin a cikinsa ne, wanda galibi dangin man fetur ne. Shi maganin kansa wani ɓangare ne kawai na abin da ke cikin kwalbar. Sauran yana tashi sama da zarar rana ta ɗaga, bayan ya bi ta huhun yaron da ya goya famfon feshi ba safar hannu ba takunkumi.

Wannan ruwan narkarwa shi ne babban abin kunyar masana'antar sinadarai a duniya. A farkon shekarun 1990 masanin kimiyya Roger Sheldon ya lissafa cewa kamfanonin haɗa magunguna suna fitar da shara kilo 25 zuwa 100 kafin su samu kilo ɗaya na magani, kuma mafi yawan sharar ruwan narkarwa ne da aka gama aiki da shi. A 1998 wasu Amurkawa biyu, Paul Anastas da John Warner, suka tsara ƙa'idoji 12 na abin da ake kira tsaftatacciyar kimiyyar sinadarai, kuma ɗaya daga cikinsu tana cewa a guje wa ruwan narkarwa in zai yiwu, in kuwa ba makawa a nemi marar cutarwa. Tun daga lokacin ake ta neman madadi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi jan hankali shi ne wani irin gishiri da ba ya daskarewa, gishiri mai gudana kamar mai.

Sunan zai iya ruɗa mai karatu, don haka a fayyace. Ba gishirin da aka jiƙa a ruwa ake nufi ba. Gishirin miya ba ya narkewa da kansa sai zafi ya kai digiri 801 a ma'aunin Selsiyus, domin ƙwayoyinsa ƙanana ne masu cajin lantarki da suka jeru suka riƙe juna gam. Amma idan ƙwayoyin manya ne, masu karkataccen siffa da ba sa iya jeruwa, sai gishirin ya zauna a narke ko da a cikin ɗaki. A 1914 wani masani mai suna Paul Walden da ke aiki a birnin Riga ya haɗa asid da wani sinadari dangin amoniya, ya samu gishirin da ke narkewa a wajen digiri 12. Shekaru da dama ba wanda ya damu da shi sosai.

Irin wanda Walden ya haɗa shi ne reshen da ya fi sauƙin yi, kuma duk macen da ta taɓa jefa kanwa a miyar yakuwa ta san asalin aikin. Tsami asid ne, kanwa kishiyarsa ce, in sun haɗu tsamin ya mutu. Abin da ke faruwa a cikin tukunyar shi ne asid yana miƙa wa kishiyarsa wata 'yar ƙwayar haidurojin mai caji da ake kira furoton. Haka ake haɗa wannan gishiri: a zuba asid a kan sinadarin amin sannu a hankali, ana sanyaya tukunyar saboda zafin da ke tashi, shi ke nan. Babu matakai barkatai, babu wata shara da za a tace a zubar. Sauran dangoginsa da ba a yi su ta hanyar miƙa furoton suna buƙatar dogon aiki, shi ya sa kilo ɗayansu ke cin dala gommai.

Ba a takarda kawai abin ya tsaya ba. A 2002 kamfanin BASF na Jamus ya sauya wani mataki a masana'antarsa ta Ludwigshafen. A da, idan suka cire asid daga cikin abin da suke haɗawa, wani gishiri mai kauri kamar kunu ne ke fitowa ya toshe bututu. Da suka sauya sinadarin da ke kama asid ɗin, sai gishirin ya fito a narke, ya ware kansa kamar yadda mai ke rabuwa da ruwa, a tsiyaye shi a sake amfani da shi. Yawan abin da tukunya mai girma ɗaya ke fitarwa a awa ya ninka kusan sau 80,000. Daga baya masu bincike a Imperial College da ke Landan, ciki har da Tom Welton da Jason Hallett, suka ɗauki asid irin na ruwan batir suka haɗa da amin mai arha, suka lissafa a 2014 cewa kilo ɗaya zai tsaya a dala 1.24. Da wannan ruwa suke dafa itace da karan amfanin gona, ya narkar da danƙon da ke riƙe jikin kara, wato liginin, ya bar zaren selulos tsab. Daga zaren ana samun takarda, sukari da man itanol. Kamfanin Lixea da ya fito daga wannan bincike ya buɗe ƙaramar masana'antar gwaji a Siwidin a 2022.

A nan ne maganar ta iso gida. Matashin da ya karanci kimiyya a Yamai ko Sakkwato, ko ɗan Adar da ke zaune a Abijan ko Faransa yana neman inda zai zuba 'yan kuɗinsa, in ya ji an ce akwai ruwa mai arha da ke mayar da kara ya zama dukiya, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne gonakin gero da dawa na Madawa, Buza da Keita bayan kaka. Rahotannin masu neman jari ma haka suke kallon Afirka: nahiya cike da "sharar gona" da ba mai so. Wannan kallo kuskure ne, kuma kuskure mai haɗari.

Kara ba shara ba ne a Adar. Da shi ake ciyar da bisashe daga lokacin da ciyawa ta ƙare har faɗuwar ruwa. Da shi ake darni, da shi ake rumfa, da shi ake hura wuta, tokarsa kuma ta shiga miya. Idan rani ya tsananta, damin kara kuɗi ne a kasuwa, har faɗa ake yi a kansa tsakanin manomi da makiyayi. Wanda ya rage a gona kuwa shi ne rigar ƙasa. Binciken da aka daɗe ana yi a cibiyar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai, ya nuna cewa barin kara a shimfiɗe a gona yana tare rairayin da iska ke kwasa, yana jawo gara ta buɗe ƙasa, yana kuma ƙara yawan geron da za a girba. Duk masana'antar da za ta sa wa kara farashi sama da na makiyayi, to ta kwashe abincin tunkiya da murfin gona lokaci guda.

Mutanen Keita sun fi kowa sanin tsadar ƙasa idan ta tsiraita. Bayan farin 1984 ne babban aikin raya karkara na Keita ya kankama da kuɗin ƙasar Italiya tare da hukumar FAO da shirin abinci na duniya. Aka yi shekaru ana jera duwatsu a kan fako, ana haƙa ramuka a jikin tsaunuka, ana gina madatsun ruwa. An dasa itatuwa wajen miliyan 18, an farfaɗo da dubban kadadar ƙasa. Mafi yawan masu ɗaukar duwatsun nan a ka mata ne, domin mazan sun tafi bida. Yaran da ke aiko kuɗi daga Libiya da Kwaddibuwa a yau, da yawansu a bayan waɗannan mata aka goya su a wurin aikin. Ba daidai ba ne a zo da sunan kare muhalli a rushe abin da aka gina da wannan wahala.

To shin hakan na nufin yankin ba shi da abin da zai ci a wannan kimiyya? Yana da shi, sai dai ba a inda ido ya fara sauka ba.

A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Magiya cikin gundumar Buza, da tallafin ƙungiyar CARE, domin karya ƙarfin iskar da ke binne shuka. Layi biyu-biyu aka yi su, tsakanin wannan da wancan mita 100, har suka kai ɗaruruwan kilomita. An dasa su ne don iska da itace. Amma kowace shekara itatuwan nan, waɗanda wasu ke kira bedi wasu darbejiya, suna zubar da 'ya'ya, akasarinsu kuma a ƙasa suke ruɓewa ko yara su tsotse su yar da ƙwallon. A cikin ƙwallon akwai mai da ya kai wajen kashi 40 cikin 100 na nauyin ƙwayar, akwai kuma sinadarin azadiraktin da ke hana ƙwari ci da girma. Wani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, shi ya lura a Sudan a 1959 cewa fara ta cinye komai ta bar dogon yaro. An ware sinadarin a Ingila a 1968. Da masana a Jami'ar Kambirij ƙarƙashin Steven Ley suka ce sai sun haɗa shi da hannunsu a ɗakin gwaji, shekara 22 suka kwashe kafin su kammala a 2007, ta matakai fiye da sittin. Itacen da ke bakin hanyar Buza yana yin wannan aiki kyauta da rana da ɗan ruwan sama.

Indiya ta gane darajar abin tuntuni. Tun 2015 ta wajabta a shafa man dogon yaro a jikin takin yuriya da ake sayarwa manoma, domin ya rage saurin salwantar takin a ƙasa. Kamfanonin can suna tatsar man, suna kuma ciro azadiraktin da ruwan narkarwa irin su hekzen da metanol. Shi hekzen yana tafasa a digiri 69, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi kamawa da wuta. A garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, ajiye gangar hekzen a bayan gida neman gobara ne, kuma wani kaso nasa zai bi iska kafin a yi aiki da shi. A nan gishiri mai gudana yake da hujja ta gaske. Ba ya tashi sama cikin sauƙi, yawancinsa ba ya kama wuta da wuri, kuma babban aibinsa a ƙasashen sanyi, wato kauri kamar zuma, zafi ne ke rage shi. Yanayin da ke lalata hekzen shi ke taimakon wannan.

Haka zancen yake ga albasa. Nijar na cikin manyan masu nomanta a Afirka ta Yamma, kuma jihar Tawa ce cibiyar. Duk wanda ya shiga wurin da ake zuba albasa a buhu a Madawa ko Galmi ya ga tulin busasshen ɓawo ja da iska ke watsawa, ya kuma ga wadda ta ruɓe a cikin rudu kafin farashi ya tashi. Busasshen ɓawon jar albasa na daga cikin abubuwan da suka fi ƙunsar sinadarin kwasetin, wanda kamfanonin abinci da na kayan shafa ke saye, ga kuma launin da ake rini da shi. Wannan ce sharar gaske, wadda ba ta shiga cikin rumbu ba, ba ta kuma shiga bakin dabba sosai ba. Ana iya ƙara garmani a lissafin, ciyawar nan da ta mamaye makiyaya da burtali a Tawa da Maraɗi, dabbobi kuma ba sa son ta. Idan har za a gwada dafa wani tsiro a raba zarensa da danƙonsa, da ita ya kamata a fara, ba da karan gero ba.

Sai dai akwai inda masu tallar wannan gishiri ke saurin wucewa, kuma nan ne ya fi shafar kwarin Magiya da Tarka. An laƙaba masa sunan mai tsafta ne saboda ba ya gurɓata iska. Amma abin da ba ya tashi sama, ƙasa yake sauka. Yawancin irin wannan gishiri yana narkewa a ruwa nan take. Bincike ya nuna wasu daga cikin danginsa, musamman masu doguwar sarƙar kabon, guba ne ga ƙananan halittun ruwa, kuma ƙwayoyin ƙasa ba sa iya ruɓar da su da wuri. A Jamus ko Siwidin akwai matatar ruwan masana'anta, akwai ma'aikacin gwamnati da zai zo ya ɗebi samfur. A kwarin albasa kuwa ruwan ƙasa kusa yake, shi ya sa ake noman rani da rijiyoyi marasa zurfi da ƙananan injinan ban-ruwa. Abin da aka zubar a bayan shago yau, damina ɗaya ta isa ta kai shi rijiyar da ake shayar da albasa, ake kuma sha. Wari ma ba zai yi ba balle a ankara.

Kano ta riga ta nuna yadda irin wannan ke ƙarewa. Majemun zamani na Challawa, Sharaɗa da Bompai sun bar bagaruwa suka koma gishirin kuromiyom saboda ya fi sauri, ruwan wankin fata kuma ya bi magudanu zuwa kogunan da ake noman rani da su. Shekara da shekaru jami'o'i suna auna ƙarfen a ruwa da ganyaye suna rubutawa. Da aka kawo kuromiyom, ci gaba aka kira shi.

Don haka tambayar farko ga duk wanda ya zo da wannan fasaha ita ce wane asid da wane amin ya haɗa. Akwai bambanci mai girma a tsakaninsu. Wanda aka yi da asid ɗin binega ko na tsamin nono tare da amin mai sauƙi irin etanolamin ya fi saurin ruɓewa a ƙasa, ya kuma fi sauƙin guba. Wanda aka yi da ruwan batir yana da ƙarfin fasa itace, amma yana cin ƙarfe, yana buƙatar tukunya ta musamman da zafin da ya haura digiri 100, kuma zai lalata azadiraktin, domin sinadarin ba ya jure asid mai ƙarfi ko zafi. Tambaya ta biyu ita ce sau nawa za a sake amfani da shi. Dukkan lissafin arhar da aka yi a Landan ya dogara ne a kan dawo da kusan dukkan ruwan bayan kowane zagaye. Hanyar dawo da shi kuwa ita ce a ƙafar da ruwan da aka zuba masa, wannan kuma wuta yake ci. Idan da itacen Magiya za a hura wutar, an yi ba a yi ba. Rana ce kawai za ta iya biyan wannan bashi, kuma Nijar ba baƙuwa ba ce a fannin, tunda Farfesa Abdou Moumouni Dioffo ya yi shekaru yana jagorantar ofishin makamashin rana na ƙasa yana ƙera na'urorin tara zafi tun kafin abin ya zama yayi.

Akwai kuma abokin takarar da ba a cika ambata ba, wato ruwan rijiya. Cibiyar binciken noma ta INRAN da ƙungiyar zaurukan manoma ta RECA sun daɗe suna koya wa manoma su daka ƙwallon dogon yaro, su jiƙa ya kwana, su tace su fesa da yamma. Yana aiki, kuma ba ya cin ko dala. Matsalarsa ita ce ba ya ajiyuwa, ƙarfinsa na bambanta daga jiƙo zuwa jiƙo, ga wahalar daka. Shi ya sa manomi ke komawa ga kwalbar kasuwa, wadda RECA ta sha nuna cewa yawancin irinta ba su da amincewar kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel, ga piya-piya da ake sayarwa a tebur kamar alewa. Duk wani sabon ruwan narkarwa sai ya nuna ya fi ruwan rijiya a wani abu takamaimai: ya ciro sinadarin da yawa, ya riƙe shi wata da watanni bai lalace ba, a iya zuba shi a kwalba mai ma'auni ɗaya. In bai yi wannan ba, ƙa'idar Anastas da Warner da kanta ta ce a bar shi.

Tarihin maganin zazzaɓin cizon sauro ya isa ya sa a yi taka-tsantsan da zumuɗi. Maganin da ake ba yara a asibitocin Madawa da Buza kowace damina tushensa atemisinin ne, daga wani tsiro dangin tazargade. Tu Youyou ta Sin, wadda ta samu kyautar Nobel a 2015, ba ta yi nasara ba sai da ta daina dafa ganyen da zafi, ta koma wani ruwan narkarwa mai aiki a sanyi a 1971. Zaɓen ruwan shi ya ceci maganin. A 2006 masu bincike a Ingila suka kwatanta hanyoyin ciro atemisinin, ciki har da gishiri mai gudana da wani ƙaramin kamfani na birnin York ya haɗa, sakamakon kuma ya nuna zai iya gogayya da hekzen. Duk da haka masana'antun da ke ciro maganin a Sin, Biyetnam da Madagaska sun ci gaba da dogaro da hekzen da danginsa, domin injinansu na nan, kuɗinsu kuma ya riga ya shiga. Tsakanin kwalbar gwaji da ganga akwai tafiya mai nisa.

Sannan daga ina kayan haɗin za su fito? Ana yin asid ɗin batir a Arlit domin aikin yuraniyom, amma da farar wutar da ake shigowa da ita daga waje. Amin kuwa daga amoniya ake samo shi, manyan masana'antun amoniya mafi kusa kuma suna Legas da Fatakwal. Wanda ya ga yadda rufe iyakoki bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya tsayar da motocin kaya, ya san abin da ke samun sana'ar da ruhinta ke cikin gangar da sai ta ƙetaro iyaka. Wannan ma dalili ne na fifita asid ɗin da za a iya samu ta hanyar tsimi a gida, irin na binega da na nono, ko da aikinsa bai kai na ruwan batir ba.

Batu na ƙarshe da 'yan ƙasar waje ya kamata su riƙe shi ne na mallaka. A 1994 ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ya ba kamfanin W. R. Grace da ma'aikatar noma ta Amurka haƙƙin wata hanyar amfani da man dogon yaro wajen kashe funfuna. Sai da 'yan Indiya suka kawo shaidar cewa manomansu sun daɗe suna yi, aka soke rajistar a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Albasar Galmi ma ta taɓa shiga irin wannan, lokacin da wani kamfanin iri da ke Senegal ya nemi rajistar sunanta a hukumar OAPI, Nijar ta ƙi amincewa, kamfanin ya sauya suna. Darasin a fili yake. Idan ɗalibi daga Keita ya ɗauki ƙwallon dogon yaron Magiya ya kai ɗakin gwaji a Turai, aka gano gishirin da ya fi ciro sinadarinsa, sunan wa zai hau takardar? Wannan magana tun kafin a sa samfur a jaka ake yin ta, a rubuce.

Abin da yankin ke buƙata yanzu bai kai girman masana'anta ba, kuma bai fi ƙarfin aljihun ƙungiyoyin 'yan Adar da ke waje ba, waɗanda suka saba tara kuɗi su gina masallaci ko aji a ƙauye. Kuɗin aji ɗaya zai ɗauki nauyin ɗalibai biyu ko uku a sashen kimiyya na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da ke kusa da gonakin. A ƙetaren iyaka akwai Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da cibiyar NARICT ta Zariya, wadda ta daɗe tana aiki a kan dogon yaro. Aikin da za a ba su a bayyane yake. Su auna yawan azadiraktin a ƙwallon Magiya da yawan kwasetin a ɓawon albasar Madawa. Su haɗa gishiri uku ko huɗu daga asid mai sauƙi, su kwatanta su da ruwa zalla da kuma itanol. Su zuba ragowar a kan ƙasar kwarin a cikin tukwane, su ga kwana nawa take ɗauka kafin ta ɓace, su shuka albasa a kai su gani. Sakamakon a fassara shi da Hausa a karanta a gidajen rediyon gari, ko ya yi daɗi ko bai yi ba.

Kafin nan akwai aikin da ba ya jiran kowane gishiri. Ƙwallon dogon yaro in ba a wanke shi an shanya shi a inuwa da wuri ba, funfuna ke kama shi, sinadarin ya ragu, wani lokacin har ya ɗauki gubar afalatoksin. Ƙungiyoyin mata a Buza za su iya tattarawa, su busar yadda ya kamata, su tatse man da ƙaramin injin matsa irin na gyaɗa, su sayar da man, tunkuzar kuma ta koma garka a matsayin taki. Duk masanin da zai zo daga baya da kwalbarsa, wannan busasshen ƙwallo mai tsabta zai fara nema, kuma a hannun matan zai same shi da farashinsa.